Talabijin ta baƙar fata a Amurka, filin Tamashek a Tawa: adalci ne kowa ya ware nasa?

Wani ɗalibi daga Tawa ne ya aiko da tambayar, ga ta a taƙaice: "Baba, gardama ta kaure a fadarmu. Abokinmu ya ce baƙar fatar Amurka suna da talabijin tasu da jami'o'insu da wata guda na tarihinsu, amma da farare za su buɗe tashar farar fata da duniya ta tashi tsaye. Ya ce nan gida ma haka ne: Abzinawa da Fulani suna da ƙungiyoyinsu da bukukuwansu da filayensu a radiyo, mata suna da ranarsu da kasonsu, amma in Bahaushe ya ce zai yi abu na Hausawa sai a kira shi ɗan ƙabilanci. In daidaito ake so, ko a bar kowa ko a hana kowa. Kai da ka daɗe a aikin radiyo, me ka gani?"

Ɗana, kada ku rufe abokin nan naku da ihu. Maganarsa ta mai neman gaskiya ce, kuma ba shi ya fara yin ta ba. Na shafe fiye da shekara talatin a aikin radiyo, da farko a Yamai, daga baya ina zagaya ƙananan tashoshin karkara na Adar da Azawak ina horar da masu gabatar da shiri, kuma babu shekarar da ta wuce ban ji wannan ƙorafi ba. Inda muka rabu da shi wajen awo ne. Ya ajiye tiya biyu, ya ga bakinsu ɗaya, ya ce a yi musu hukunci ɗaya, bai leƙa ya ga wacce ke cike da hatsi da wacce ke wayam ba. Abin da aiki ya koya mini shi ne, kafin ka ce ɗakin da wasu suka ware wa kansu adalci ne ko zalunci, sai ka san abin da ya sa aka gina shi, ka duba ko ƙofarsa a buɗe take, sannan ka kasa kunne ka ji me ake faɗa a ciki game da waɗanda ke waje.

Bari in bi ta Amurka tunda can abokinka ya fara.

Jaridar farko mallakar baƙar fata a ƙasar, Freedom's Journal, ta fito a birnin New York a 1827. A lokacin ana saye da sayar da mutane a kasuwannin kudancin ƙasar, kuma sai a 1865 aka haramta bauta gaba ɗaya. Waɗanda suka kafa ta, Samuel Cornish da John Russwurm, sun faɗi dalilinsu tun a fitowar farko: an daɗe wasu suna magana a madadinsu, yanzu suna so su faɗi tasu da bakinsu. Mu da muke cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani a nan. Jami'o'in da ake kira na baƙar fata su ma haka suka samo asali. An kafa jami'ar Howard a Washington a 1867, shekara biyu bayan ƙarshen bauta, domin ƴaƴan waɗanda aka ƴanta ba su da inda za su je. A 1896 kotun ƙolin ƙasar ta halatta raba farare da baƙaƙe a jirgin ƙasa, hukuncin da ya zama madogarar raba su a makaranta da asibiti da gidan abinci, kuma sai a 1954 ta janye wannan game da makarantu. Ko bayan nan, a 1962, sai da gwamnatin tarayya ta tura sojoji kafin ɗalibi baƙi guda ɗaya, James Meredith, ya iya zama a jami'ar Mississippi. Wanda aka kora daga rijiyar gari ya je ya haƙa tasa, ba shi ne ya raba garin ba.

Watan tarihin kuma ya fara ne da mako guda a 1926, ta hannun masanin tarihi Carter Woodson, saboda littattafan makaranta na wancan zamani sun tsallake baƙar fata kamar babu su, in ban da ambaton bauta. A 1976 aka faɗaɗa shi ya zama watan Fabrairu duka. Tashar BET da abokinka ke nufi ta fara a 1980, da awa biyu kacal a mako. Manyan tashoshi uku da suka mamaye gidajen Amurka a lokacin, ABC da CBS da NBC, masu su da shugabanninsu da akasarin fuskokin da ake gani a cikinsu farare ne. Ba su rubuta "ta farar fata" a bakin ƙofa ba don ba su da buƙatar rubutawa.

Akwai abin da ya faru a 1955 da nake yawan ba ɗalibaina labarinsa, domin ya fi kowane jawabi nuna amfanin jama'a su riƙe bakinsu a hannunsu. An kashe wani yaro ɗan shekara 14, Emmett Till, a jihar Mississippi, aka jefa gawarsa a kogi. Mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin gawar a buɗe duniya ta ga abin da aka yi wa ɗanta. Mujallar Jet ta baƙar fata, da ke fitowa daga Chicago, ita ta buga hoton fuskar yaron. Kotun da farare zalla suka zauna a matsayin masu taya alƙali hukunci ta sallami waɗanda suka kashe shi, amma hoton ya riga ya shiga gidaje, kuma yana cikin abubuwan da suka tayar da gwagwarmayar da ta kai ga dokar ƴancin jama'a ta 1964 da ta zaɓe ta 1965.

To me ya sa farare ba za su yi nasu ba? Suna yi, sai dai da sunan asalinsu. Ƴan asalin Ailan suna cika titunan New York da fareti kowace 17 ga Maris. Ƴan asalin Italiya da Jamus da Poland suna da ƙungiyoyinsu da bukukuwansu, sun kuma buga jaridu da harsunansu shekaru aru-aru. Masu jin Sifaniyanci suna da manyan tashoshi irin su Univision da Telemundo. Ba wanda ya kai su kotu. Baƙar fata kuwa an raba kakanninsu da sunan ƙabila da harshe tun a cikin jirgin ruwa, ba su san ko Bayarabe ne kakan ko Bahaushe ko Bamalinke ba, sai launin fata da tarihin wahala ɗaya suka rage musu a matsayin sunan gida. Ita kuma kalmar "farare zalla" tana da nata tarihin a ƙasar: ita ce aka rubuta a kan famfon shan ruwa da kujerar tasha, ita ce kuma tutar ƙungiyoyin da aka kafa daga 1954 don hana yara baƙaƙe shiga aji ɗaya da farare. Shi ya sa kunne ke jin ta daban. Sannan ƙofa: jami'o'in baƙar fata suna karɓar kowa, har akwai irin su West Virginia State da yau farare suka fi yawa a cikin ɗalibanta. BET ma tun farkon shekarun 2000 kamfanin Viacom ya saye ta.

Inda abokinka yake da hujja mai nauyi, kuma ba zan ɓoye masa ba, shi ne wajen rabon kujera. Buɗe tashar radiyo ba ya rage wa kowa komai. In ba ka so, ka murɗa akwatinka. Amma gurbin jami'a ko na aikin gwamnati ƙidayayye ne, in aka ba wannan an hana wancan, kuma wanda aka hana yana iya zama ɗan talaka da bai taɓa zaluntar kowa ba. Amurkawa kansu sun yi shekaru kusan hamsin suna ja-in-ja a kan wannan, har a watan Yuni na 2023 kotun ƙolinsu ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Faransa tun farko wata hanya ta bi: hukuma ba ta ƙidaya mutane da launi ko ƙabila, kowa ɗan ƙasa ne kawai. A takarda abin yana da kyau. Amma a Paris ɗin ne Alioune Diop ɗan Senegal ya ga dole ya kafa mujallar Présence Africaine a 1947, saboda "kowa" ɗin da ake faɗa bai bar wa marubutan Afirka wurin zama ba. Rashin ƙidaya ciwo ba ya warkar da shi. Ina so dai ku raba waɗannan biyun in kun koma gardama, maganar murya daban, maganar kaso daban, don haɗa su ne ke sa a kwana ana musu ba a gane juna ba.

Yanzu mu dawo gida, inda abin ya fi damuna.

Mu Hausawa muna tsaye ne a ɓangare biyu na wannan magana, kuma ɗaya kawai muke gani. In aka fita duniya, mu ne masu keɓaɓɓen fili. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus da Amurka da Faransa suka biyo baya. Ban taɓa jin Bahaushe ya ce an zalunci masu jin Turanci don an ware mana rabin awa ba. Mahaifina bai shiga lakkol ba, Faransanci a wurinsa ƙarar iska ne, kuma ta wannan rabin awar ya san abin da duniya ke ciki. Ya san ciwon tsayawa gaban ma'aikaci a ofis ana magana a kansa da harshen da ba ya ji. Don haka ba zan ce Bahaushen Nijar ya yi daidai da farar fatar Amurka ba. Ba mu kafa dokar raba famfo ba, kuma manomin Adar ya sha wariyar Faransanci kamar kowa.

Amma a cikin gida mu ne masu yawa. Mun haura rabin al'ummar ƙasa, kuma waɗanda ke jin harshenmu sun fi haka nesa. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, Hausa ɗaya daga ciki. Kundin sake gina ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 kuwa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Turanci suka zama na aiki. Mai yawa ba ya ganin yawansa, kamar yadda mai lafiya ba ya jin ƙafarsa sai ta yi ciwo. Ka shiga kasuwar Tawa, ka shiga gidan likita, ka hau kabu-kabu, ka je wa'azi, ka kunna kowace tasha mai zaman kanta: da wane harshe ake yi? Filin Hausawa da abokinka ke nema, a cikinsa yake zaune tun da aka haife shi.

Na taɓa kasancewa a wata ƙaramar tasha a arewacin jihar nan, ɗaki biyu da faranti mai ɗaukar hasken rana a kan rufi. Wani ɗan kasuwa ya shigo ransa a ɓace, ya ce don me ake cinye musu awa guda kowace yamma da yaren da ba su ji. Ban yi musu da shi ba. Na ciro takardar tsarin shirye-shirye daga bango, muka zauna a tabarma muka ƙidaya tare da yatsa. Awa shida tashar ke yi a yini: huɗu da Hausa, ɗaya da Tamashek, harshen Abzinawa, rabin awa da Fulfulde, sauran labarai da Faransanci. Ya yi shiru, sannan ya ce wallahi bai taɓa lissafa huɗun ba. Ba mugun mutum ba ne. Huɗun nan a kunnensa radiyo ce kawai, ɗayar ce ta yi masa kama da ta wasu.

A cikin awa ɗayar nan me ake faɗa? Ranar da masu allurar dabbobi za su iso rijiya kaza. Raƙumi ya ɓata, ga alamar wutar da ke wuyansa. Kuɗin tiyar hatsi a kasuwar mako. Alamomin da mai ciki za ta gani ta san lokacin neman likita ya yi. A wannan tashar na ga wata tsohuwa ta zo a kan jaki daga zango mai nisa, da cuku naɗe a gefen mayafinta, ta ce tana son ganin yarinyar da ke magana a cikin akwati. Da aka fito mata da mai gabatar da shirin, ta kama hannunta biyu ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Aka fassara mini abin da ta ce: shekarunta duka tana jin akwatin yana magana da wasu, sai bana ya juyo ya yi magana da ita. Tun daga tashar karkara ta farko da aka buɗe a Bankilare a 1999, wannan ne aikin da irin waɗannan tashoshi suke yi, kuma shi ya sa Studio Kalangou da ya fara a Yamai a 2016 yake shirya labaransa da Faransanci da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulfulde. Ƙasar da ta ga kisan da sojoji suka yi wa Abzinawa a Cintabaradan a 1990, ta sha shekarun tawaye kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, ta san tsadar barin wani yanki yana jin ba a magana da shi. Awa guda a radiyo ta fi wannan araha ƙwarai.

Maganar launi da asali kuma ba ta Amurka kaɗai ba ce, kada mu yaudari kanmu. Kalmar "buzu" da muke jifan kowane Ba'abzine da ita, asalinta sunan bayinsu ne, kuma har yau akwai gidajen da ake binciken asalin mutum kafin a ba shi aure ko limanci. Ƙungiyar Timidria, wadda sunanta ke nufin ƴan'uwantaka da Tamashek, an kafa ta a 1991 don yaƙi da bauta, kuma tana cikin waɗanda suka matsa har aka sa hukuncin bauta a dokar laifuka a 2003. A jihar nan tamu, wajen Ƙonni, aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12 a kan jika 240, ta zama wahaya, wato baiwar da ake riƙewa a matsayin mata ta biyar. A watan Oktoba na 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da ta zauna a Yamai ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Da waɗanda abin ya shafa sun jira sai "kowa" ya tashi ya yi maganarsu, da har yanzu suna jira. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan ya kawo ni ga wani abu da masu goyon bayan keɓaɓɓun filaye ba su cika son ji ba. In ka ba wata al'umma fili, ka tambaya waye a cikinsu ya riƙe makirufo. Na ga filin harshe da ƴaƴan manyan gida kaɗai ke magana a ciki, maƙera da ƴaƴan bayi suna saurare kamar yadda suka saba. Na ga filin Hausa da aka shekara ba a ji muryar macen ƙauye ba sai a waƙar talla. Kowace ƙabila tana da nata na ƙasa, kuma sunan ƙabila yana iya zama bargon da ake lulluɓe su da shi. Duk tashar da na horar, ina sa su rubuta sunayen baƙin da suka gayyata cikin wata uku, mu duba tare: mata nawa, matasa nawa, daga wace unguwa, daga wane gida.

Na mata kuwa lissafinsa a fili yake. A 13 ga Mayu 1991 mata suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa; daga nan ranar mata ta Nijar ta samo asali. Majalisar da aka zaɓa a 1999 tana da kujera 83, mace ɗaya. Aka yi dokar kaso a 2000, kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe da 25 na naɗi, sai ga mata 14 cikin 113 a 2004. An ɗaga kason a 2014, aka sake ɗagawa a 2019 zuwa 25 da 30. Dokar ma ba ta ce "mata" ba, cewa ta yi kowane jinsi kada ya gaza wannan kaso, wato ranar da maza suka koma ƴan tsiraru ita za ta kare su. Haka nan a zaɓen 1993 aka fara ware kujeru 8 na mazaɓu na musamman, irin su Tasara a nan jiharmu da Tesker da Ngurti da Bermo, don al'ummomin da yawansu ba zai taɓa kai su majalisa ta hanyar ƙidayar ƙuri'a kawai ba. Ni ina goyon bayan waɗannan, amma a matsayin magani. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariyar launin fata, wadda Nijar ta sa wa hannu, ta faɗi haka: matakin musamman don ɗaga waɗanda aka bari baya ba wariya ba ne, muddin ba a ci gaba da shi bayan ya cika aikinsa ba. Magani ana duba shi lokaci-lokaci, a ga ko ya yi aiki, ko ƴan gata ne suke shanye shi da sunan talakawansu. A Amurka baƙar fata sun kafa gasar ƙwallon gora (baseball) tasu a 1920 don an hana su ta farare. Da Jackie Robinson ya shiga babbar gasar a 1947, cikin ƴan shekaru tasu ta watse da kanta. Harshe da al'ada kuwa ba magani ba ne, abincin yau da gobe ne. Ba ranar da za a ce Fulfulde ta gama aikinta a rufe filinta, ko a ce taron shan gishiri na Ingal ya isa haka.

Akwai keɓewar da nake tsoro, kuma tsoron nan ba na wasa ba ne. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta buɗe Radio Bantu a farkon shekarun 1960, kowace ƙabila da tasharta da harshenta. Daga nesa sai ka ce gata ne. Manufar ita ce a cusa wa Bazulu cewa shi Bazulu ne kawai, ƙasarsa wani ɗan yanki ne can, ba shi da rabo a birni. Ɗaki ne da wani ya gina maka ya kulle daga waje. Sai kuma Ruwanda. Tashar RTLM ta fara a 1993 da kiɗa da barkwanci, matasa suna son ta. A 1994 ita ce ke karanta sunayen mutane da inda suka ɓuya, a kisan da ya ci rayuka wajen dubu 800 cikin kwana ɗari. A 2003 kotun duniya da ta zauna a Arusha ta ɗaure wasu daga cikin jagororinta. Abin lura, da Kinyarwanda take magana, harshen da Hutu da Tutsi duka suke ji. Ba harshe ne ya yi kisa ba, abin da aka zuba a cikinsa ne.

Ga gwajin da nake ba ɗalibaina, kai ma kana iya yin sa da kowace tasha ko zauren WhatsApp. Ka saurara na rabin awa, ka riƙe alƙalami, ka ja layi duk lokacin da aka ce "mu", ka ja wani duk lokacin da aka ce "su". Fili mai lafiya yawancin maganarsa a kan "mu" take: yaranmu ba su zuwa makaranta, rijiyarmu ta rushe, waƙoƙinmu suna ɓacewa. In ka ga layin "su" ya fara rinjaye, su ne suka cinye, su ne suka shigo mana, duk halinsu ɗaya, to wuta ta kama gefen zana. Na ga haka da idona wata kaka, lokacin da dabbobi ke gangarowa daga arewa kafin a saki gonaki. Wani ya bugo waya a filin Hausa, an yi masa ɓarna a gonar wake, abin tausayi, amma daga bayanin ɓarnar sai ya zarce yana cewa Fulani duka kaza ne. Yaron da ke gabatarwa ya bar shi yana zuba har minti uku don yana jin daɗin yadda layi ya cika. Da aka rufe shirin na zaunar da shi. Washegari muka kawo sarkin noma da ardo ɗaki ɗaya, aka karanta ranar sakin gonaki da iyakar burtali da yadda ake kai ƙarar ɓarna, da Hausa sannan da Fulfulde, kalma ɗaya ba a canza ba. Ƙa'idata ke nan har na bar aiki: abin da ba za ka yarda a fassara wa maƙwabcinka ba, kada ka faɗe shi a filinka. Dokar laifukanmu ma, a aya ta 102, ta tanadi ɗauri ga mai nuna wariyar launi ko ƙabila da mai hura wutar ɓangaranci, kuma ba ta ware kowace ƙabila ba.

Saboda haka ka gaya wa abokinka, Bahaushe yana da cikakken iko ya yi abin Hausa, kuma yana yi. Ana bikin Ranar Hausa kowace 26 ga Agusta. Makarantun gwaji da harshen gida da Hausa suka fara, a Damagaram a 1973. Kokowar takobi ta ƙasa a nan Tawa aka fara ta a 1975, da kirari da kiɗan da kowa ya san daga ina suka fito, kuma ƴan kokowa na Dosso da Diffa da Agadas suna shiga fili ɗaya. Ya kafa ƙungiyar marubutan Hausa, ya buɗe tashar tatsuniya da karin magana, ni zan fara ba shi tsofaffin faya-fayaina da kaset-kaset ɗina. Abin da ba zai yi ba shi ne ya rubuta "Hausawa zalla" a ƙofa, ko ya mai da ƙungiyar ta zama ta neman a hana wasu aiki da fili da mulki. Tsarin mulkin 2010 ma, wanda aka dakatar a 2023, ya haramta jam'iyyar ƙabila ko ta yanki ko ta addini. In ƙungiyar Abzinawa ta ce kada a ɗauki Bahaushe aiki a Abalak, sunanta ƙabilanci, kuma da bakina zan faɗa. A nan kam awo ɗaya ne ga kowa. Ƙarin da ke kan mai yawa shi ne nauyinsa: in babban yaya ya juya a kan tabarma, ƙanne ne ke faɗawa ƙasa ko bai yi niyya ba. Yanzu da aka ɗaga harshenmu, idon Zabarmawa da Barebari da Tubawa da Gurmawa yana kanmu, suna jira su ga ko filayensu za su ƙaru ko za su ragu.

Ranar Lahadi mai zuwa ka ja shi ku shiga kasuwa tun da hantsi. Ku je wajen masu sayar da dabbobi, ku sami dattijon da ya zo daga daji wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ƙidayar kuɗi ba, ku sayo masa shayi, ku nemi yaro ya yi muku tafinta. Ku tambaye shi yadda yake yi in matarsa ba ta da lafiya ya kai ta gidan likita, da wace tasha yake kamawa da dare, da ƙarfe nawa. In kun dawo fada ku ɗora gardamar daga nan, ka kuma rubuto mini abin da abokin naka ya ce.